Mu bakwai ne, kwana uku muke da su: yaya za mu tsara tafiya daga Jidda zuwa Madina da kewayenta?

Baban Hafsa, Jidda:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka fi ni sanin hanyoyin ƙasar nan. Mu bakwai ne, dukkanmu mazauna Jidda, wasu daga Kano, wasu daga Damagaram, ɗaya kuma haifaffen nan ne, kuma mun daɗe muna haɗuwa duk daren Juma'a muna shan shayi tare. Mun yanke shawarar mu fita tare a watan Janairu, lokacin da zafi ya ja baya, kuma kowa ya yi alkawarin neman hutun ranar Alhamis a wurin aikinsa domin a haɗa ta da Juma'a da Asabar. Ke nan kwana uku muke da su, kuma wajibi ne kowa ya kasance a bakin aikinsa da safiyar Lahadi.

Da muka zauna rubuta wuraren da za a je, sai kowa ya kawo nasa. Ɗaya yana son Yanbu saboda bakin teku da gasasshen kifi, biyu suna son ganin filin Badar, dukkanmu muna son Juma'a ta riske mu a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaraminmu kuma ya dage a kan Al-Ula saboda hotunan da yake gani a waya. Don kada ran kowa ya ɓaci, sai muka rubuta su duka a jere: Jidda, Yanbu, Badar, Madina, Khaibar, Al-Ula, sannan a dawo gida. An ɗora mini alhakin mayar da wannan jeri ya zama tsari mai lokuta, kuma tun da na fara zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata masu ba da shawara su sani. Na farko, a cikinmu akwai dattijo da muke kira Baba, yana fama da ciwon sukari da ciwon gwiwa, kuma ba za mu tafi mu bar shi ba. Na biyu, ƙarfinmu ba ɗaya ba ne, domin mutum biyu daga cikinmu albashinsu kaɗan ne kuma suna aika wa iyali gida, ba na so tafiyar ta zame musu nauyi, ba na kuma so su ji kunyar faɗa. Shin wannan jerin zai yiwu a kwana uku? Idan ba zai yiwu ba, me za mu cire, kuma ta yaya za a cire ba tare da an ɓata zumunci ba? Mota za mu ɗauka haya, ko jirgin ƙasa ya fi?

Direban Hijira, Madina:

Wa alaikumus salam, Malam. Sana'ata ɗaukar fasinja ce tsakanin Jidda da Madina, saboda haka bari in fara da lissafin hanya, domin shi kaɗai ya isa ya amsa tambayarka ta farko. Daga Jidda zuwa Yanbu kimanin kilomita 330 ne, daga Yanbu zuwa Badar kimanin 90, daga Badar zuwa Madina kimanin 150, daga Madina zuwa Al-Ula sama da 300, daga Al-Ula kuma zuwa Jidda sama da 700. Idan ka haɗa za ka samu kimanin kilomita 1,600, wato awa 17 zuwa 18 a cikin mota ba tare da an tsaya salla, ko shan mai, ko cin abinci ba. A kwana uku, idan ka cire barci, sama da kashi ɗaya cikin uku na lokacinku zai ƙare ne kuna kallon kwalta, kuma gwiwar Baba ba za ta yafe muku ba. Wannan jerin ba zai yiwu ba, sai dai a yi shi da sunan an taka ƙafa a kowane gari.

Shawarata ita ce ku zaɓi masauki ɗaya, ku kwana biyu a cikinsa, kuma Madina ce ta cancanci hakan tunda ita ce kowa ya yarda da ita. Ku cire Al-Ula da Khaibar gaba ɗaya. Ku cire Yanbu ma, domin mutumin da yake zaune a Jidda bai rasa teku ba, bai kuma rasa kifi ba. Badar kuwa ku bar ta, saboda ba ta ƙara muku wata doguwar hanya: maimakon ku bi Titin Hijira kai tsaye, sai ku bi hanyar gaɓar teku ta Rabig, ku karkata zuwa Badar, daga nan ku hau zuwa Madina ta Wadi Safra. Jidda zuwa Badar kimanin kilomita 300 ne. Ranar dawowa sai ku bi Titin Hijira, wanda yake kimanin kilomita 420. Duka tafiyar ba za ta kai kilomita 900 ba.

Kada ku tashi daren Laraba bayan an tashi daga aiki, ko da wani ya ce za a ci ribar dare ɗaya. Direban da ya yini yana aiki ba shi da idon tuƙin dare, kuma a hanyoyin da ba su da shinge raƙuma suna shigowa titi, ba a kuma ganinsu sai an zo dab da su. Ku tashi ranar Alhamis bayan sallar Asuba. Abu ɗaya da nake roƙonku shi ne ku haɗu a wuri guda, misali a masallaci ɗaya ku yi Asuba tare, mota tana ƙofa da kaya a ciki tun dare. Idan aka ce za a bi kowa gidansa a ɗauko shi, a garin Jidda, to wannan kaɗai zai cinye awa ɗaya da rabi, domin za a tarar wani yana wanka, wani kuma yana neman cajar waya.

Idan kun fita ƙarfe shida da rabi, kuka tsaya karin kumallo na ful da tamis a wajen Rabig, za ku shiga Badar wajen ƙarfe goma da rabi. Awa biyu sun ishe ku: maƙabartar shahidai, allon da aka rubuta sunayensu, Masallacin Arish, da tsayawa a kalli yadda filin yake. Ku yi Azahar a can, ku ci abinci, ku kama hanya, za ku isa Madina wajen La'asar, wanda shi ne ma lokacin da yawancin masaukai suke miƙa ɗaki. Kada ku sa komai a daren Alhamis ban da Masallaci da barci. Ranar Juma'a, bayan Asuba maza suna iya shiga Baƙi'a, sai a koma a huta, a fito Juma'a da wuri, bayan La'asar kuma a je Uhudu. Ranar Asabar da safe a je Ƙuba da Masallacin Ƙiblataini, a biya kasuwar dabino, a yi Azahar, a ɗau hanya kafin ƙarfe biyu, domin mafi yawan tafiyar ta kasance da sauran haske kuma kowa ya kwana a gidansa da wuri.

Game da jirgin ƙasan Haramain, yana da daɗi kuma yana da sauri, domin daga Jidda zuwa Madina bai wuce awa biyu ba, amma ba ya bi ta Badar, kuma kuɗin tikitin mutum bakwai zuwa da dawowa, tare da kuɗin tasi a cikin gari, yakan fi kuɗin hayar mota ɗaya da manta. Idan mota za ku ɗauka, ku karanta yarjejeniyar da kyau kafin sa hannu. Kamfanoni da yawa suna ƙayyade kilomitan da za a yi a rana, abin da ya haura kuma a biya daban, don haka ku nemi wadda ba ta da iyaka. Ku sa a rubuta sunan direba na biyu a cikin yarjejeniyar, kada wanda ba a rubuta ba ya taɓa sitiyari, saboda inshora. Motar da aka ce mai kujera bakwai ce, idan mutum bakwai suka zauna ba ta barin wurin kaya sai kaɗan, saboda haka ko dai ku nemi wadda ta fi girma ko kowa ya tsaya a ƙaramar jaka ɗaya. Ku kuma yi magana tun yanzu a kan tarar kyamarorin Sahir, wato kyamarorin kan titi masu kama masu gudun wuce ƙa'ida, domin tana zuwa ne a kan sunan wanda ya ɗauki hayar, wani lokaci bayan an dawo an watse. Kowa ya duba iƙamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, ba ta ƙare ba, saboda akwai shingayen bincike a hanya.

Maman Amira, Makka:

Assalamu alaikum. Malam direba ya gama da maganar hanya, ni kuma zan tsaya a kan abubuwa biyun da Baban Hafsa ya ambata a ƙarshe, domin a ganina su ne ainihin tambayar. Maigidana yakan yi irin wannan fita da abokansa, ni ce kuma mai haɗa musu guzuri da sauraron labarin yadda aka ƙare, kuma na lura ba nisan hanya ne yake ɓata tsakanin abokai ba, kuɗi ne da gajiya.

Ku yi karo-karo kafin ranar tafiya, ku damƙa wa mutum ɗaya amintacce wanda ba shi ne direba ba kuma ba shi ne jagora ba. Abin da zai fito daga wannan asusu ya zama sananne: hayar mota da mai, masauki, da abincin da aka ci tare. Dabino, turare, darduma da sauran tsaraba kowa ya saya da kuɗinsa. Ma'ajin ya riƙa rubuta duk abin da ya kashe a zaurenku na WhatsApp a lokacin da ya kashe shi, ko da riyal goma ne na ruwa, kuma ku ƙara wani abu a kan lissafin saboda abin da ba a zata ba, idan ya yi saura a raba a ranar da aka dawo. Abin da ba na so shi ne a tsaya a gaban mai karɓar kuɗi a gidan abinci kowa yana laluben aljihu, mai hali yana rantsuwa shi zai biya, marar hali kuma yana sunkuyar da kai yana lissafin cewa gobe shi ake jira ya rama.

Su kuma 'yan'uwan nan biyu, kada a tambaye su a gaban jama'a ko za su iya. Malam, ka same su ɗaya bayan ɗaya, ka ce kana son sanin abin da ba zai takura kowa ba kafin ka kama masauki, sannan ka gina lissafin a kan abin da suka faɗa, ka gabatar da shi a matsayin kason kowa. Idan akwai giɓi, masu hali su cike shi a hannun ma'aji a asirce, kada a sanar, kada kuma a yi godiya a zaure. Ta haka kowa zai shiga mota yana jin ya biya nasa.

Maganar masauki tana haɗe da maganar Baba. Shaƙƙa, wato sashen gida na haya, mai ɗakuna biyu ko uku da kicin a unguwannin da suke nesa da Harami, wato Masallacin Annabi, ta fi araha ƙwarai, amma idan kuka kama ta, to kowace salla sai an fito da mota, an nemi wurin ajiye ta, an yi tafiyar ƙafa daga can, ranar Juma'a kuma wannan wahala ce babba. Otal na kusa da Harami ya fi tsada, musamman a lokacin sanyi da masu Umara suka yi yawa, amma idan kuka ɗauki ɗakuna biyu masu gadaje uku da huɗu, kuɗin yana sauka sosai a kan kowane mutum. Kada ku yarda da kalmar "kusa da Harami" da ake rubutawa a talla. Ku buɗe taswira ku ga mita nawa ne daga ƙofar otal zuwa farfajiyar Masallaci, ku tuna cewa Baba zai yi wannan tafiya zuwa da dawowa sau da yawa a rana, kuma farfajiyar kanta tana da faɗi. Idan za ku iya aron keken guragu mai naɗewa ku sa a bayan mota, ku yi, ko da Baba ya ce ba ya so, domin dattawanmu ba sa son a ga gazawarsu, amma a rana ta biyu yakan karɓa.

Mai ciwon sukari ba a ce masa ya yi haƙuri sai an isa gari na gaba. Lokacin abincinsa ya shiga cikin tsarin kamar yadda lokacin salla ya shiga. Maganinsa ya kasance a jakar hannunsa, ba a cikin kayan da aka danne a but ba, idan kuma allura yake yi, a sa ta a ƙaramar kula, kada a bar ta a mota cikin rana. A kujerar da yake zaune a ajiye ruwa, da 'yan ƙwayoyin dabino saboda saukar sukari, da na'urar awonsa, kuma mutum ɗaya ya san sunayen magungunansa. Lambar motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar ita ce 997. Ku kuma ɗauki rigunan sanyi, domin wanda ya saba da Jidda yakan manta cewa Asubar Madina a Janairu tana da sanyi mai ratsa jiki. Fulas biyu na shayi, gurasa, dafaffen ƙwai da dambun nama za su rage muku tsayawa da kashe kuɗi a gidajen mai.

Abu na ƙarshe, ƙofofin Masallacin Annabi suna da lambobi. Ku zaɓi ƙofa ɗaya da lokaci ɗaya na haɗuwa bayan kowace salla, kuma ku bar wa mutane awa biyu ko uku a rana da kowa zai yi abin da yake so. Ba dole ba ne mutum bakwai su shiga kowane shago tare.

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa Malam direba da Hajiya da alheri. Zan ƙara abin da ya shafi ibada, tunda yawancin tafiyar ziyara ce.

Ya zo a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Wannan shi ne maganin tambayarka ta yadda za a cire wasu wurare ba tare da ɓacin rai ba. Ku zauna ku naɗa amir da yardar kowa, a saurari ra'ayin kowa kafin tafiya, amma da zarar an hau hanya, idan ya ce an tashi to an tashi. Ba sharaɗi ba ne ya zama mafi shekaru, ya dai zama mai haƙuri wanda idonsa yake kan mafi rauni a cikinku. Fitarku ranar Alhamis ma ta dace da abin da Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya ranar Alhamis.

Tafiyarku ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma zamanku a Madina bai kai kwana huɗu ba, saboda haka hukuncin matafiya yana kanku har ku dawo. A hanya kuna iya yin ƙasaru, kuna iya haɗa Azahar da La'asar idan buƙata ta kama, amma duk sallar da kuka bi limamin gari za ku cika ta tare da shi. Shiga Rauda kuma yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk, kuma kowa da kansa zai nema da lambar iƙamarsa. Ku nema tun yanzu, ku taimaki Baba ya yi nasa, ku yi ƙoƙari lokutanku su zo ɗaya ko kusa da juna, sannan ku gina sauran tsarin a kewayen wannan lokaci, domin shi ne abin da ba ku da ikon matsar da shi.

A wuri ɗaya na saɓa wa Malam direba, wato sanya Uhudu bayan La'asar ta Juma'a. A Janairu rana tana faɗuwa a Madina wajen ƙarfe shida, lokacin gajere ne, mutane sun gaji da zaman Juma'a da suka fito tun awa biyu kafin huɗuba, kuma yammacin Juma'a lokaci ne da ake kwaɗayin addu'a a cikinsa, ga ku kuma a masallacin da salla ɗaya a cikinsa ta fi dubu a waninsa, in ban da Masallacin Harami. Ni da zan ba da shawara, a bar Juma'a gaba ɗayanta ga Masallaci. Ranar Asabar a yi alwala a masauki a tafi Ƙuba da sassafe, wanda ya dace da sunna tunda Annabi yakan je Ƙuba kowace Asabar, daga nan a wuce Uhudu kafin rana ta ɗaga. Idan lokaci ya ƙure, Ƙiblataini ce za a bari.

Ina kuma roƙonku kada ku isa Badar da Uhudu ba tare da shiri ba. Ku ɗora wa mutum ɗaya ya karanta tarihin yaƙin Badar, wanda aka yi ranar 17 ga Ramadan a shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai a gaban Ƙuraishawa kusan dubu, ya ba ku labarin a mota kafin ku isa, a kuma karanta Suratul Anfal, inda aya ta 42 ta ambaci gefen kwarin na kusa da na nesa. Wanda ya ji wannan sannan ya tsaya a filin, abin da zai gani daban ne da na wanda ya sauko ya ɗauki hoto kawai. Haka a Uhudu, inda aka yi yaƙi a shekara ta 3, a san labarin maharba hamsin da aka tsayar a kan ƙaramin dutsen nan, da shahidai saba'in da Sayyidina Hamza yake cikinsu. Baba ba sai ya hau dutsen ba, ana ganin komai daga ƙasa. A yi wa shahidai sallama da addu'a kamar yadda aka koyar, ba a ɗibar ƙasa, ba a shafar katanga.

Game da Al-Ula, ya kamata ƙaninku ya san cewa Hijir, wurin da ake kira Mada'in Salih, yana da hukunci na musamman. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da Annabi ya bi ta wurin a hanyar Tabuka, a shekara ta 9, ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai mutum yana kuka, ya rufe kansa ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Saboda haka malamai da yawa suka hana zuwa wurin don shaƙatawa, suka yarda da shi don wa'aztuwa. Wannan magana ce da ya kamata ku yi ta a zaune kafin a sa wurin a kowane tsari.

Ɗan Agadas, Riyad:

Assalamu alaikum. Na yarda cewa Al-Ula ba ta shiga cikin kwana ukun nan, amma ina so in yi magana a madadin ƙaramin nan naku, kada ya ji an yi watsi da buƙatarsa kamar ta yarinta ce. Na je wurin, kuma ya cancanci tafiya tasa ta kansa. Hijir shi ne wuri na farko a Saudiyya da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya, a shekarar 2008, kuma akwai kaburbura sama da 100 da Nabatawa suka sassaƙa a jikin duwatsu kimanin shekaru dubu biyu da suka wuce, mutanen da babban birninsu shi ne Petra a ƙasar Jodan. Maganar da ɗalibi ya kawo gaskiya ce kuma abin kiyayewa ce, sai dai Al-Ula ba Hijir kaɗai ba ce. Hijir yana wajen gari ta arewa, a cikin kwarin kuma akwai tsohon garin Al-Ula na gidajen laka, da gonakin dabino da lemo, da kufan Dadan, da rubuce-rubucen dutsen Ikma, da Dutsen Giwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga Hijir ba yana da abin gani na kwana biyu ba tare da ya kusance shi ba.

Dalilin da ya sa ba a haɗa ta da wata tafiya shi ne ba a shiga manyan wuraren da motar kai yadda aka ga dama. Ana yanken tikiti ta intanet da rana da lokaci, a hau motocin masu kula da wuraren, kuma a lokacin sanyi wurare suna cika, masauki kuma yana tsada sosai, abin da zai yi wa 'yan'uwan nan biyu nauyi. Wanda ya taso daga Madina ya makara da awa ɗaya ya rasa lokacinsa, ya yi tafiyar banza. Dare kuma a can ya fi na Madina sanyi. Shawarata ita ce a ranar da za ku gaya masa an cire Al-Ula, a ranar ku sa lokacin tafiya ta biyu, ku ba shi alhakin tsara ta da binciken farashi, a fara tara kuɗinta kaɗan-kaɗan kowane wata. Akwai jirgin sama daga Jidda zuwa Al-Ula ga wanda ba ya son doguwar hanya.

Baban Hafsa, Jidda:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun zauna daren jiya na karanta musu amsoshinku, kuma lissafin kilomita na Malam direba ya kashe gardamar tun kafin ta fara. Mun tsaya a kan Badar da Madina, mun bar Juma'a ga Masallaci, Ƙuba da Uhudu kuma ranar Asabar da safe. Mun naɗa amir da ma'aji, na kuma gana da 'yan'uwan nan biyu a keɓe kamar yadda Hajiya ta ce, har mun sami otal da bai yi wa Baba nisa ba. Ƙaninmu ya karɓi aikin tsara tafiyar Al-Ula da farin ciki.

Saura tambaya ɗaya. Mutum biyu sun ce tunda za mu wuce ta miƙatin Abyar Ali a hanyar dawowa, suna so mu ɗaura harami mu zarce Makka mu yi Umara daren Asabar kafin mu koma Jidda. Shin wajibi ne mu yi harami idan mun wuce ta wurin, kuma shin kuna ganin a ƙara wannan a tsarin?

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina:

Malam, ba wajibi ba ne. Harami a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, yana kan wanda ya wuce ta wurin da niyyar Hajji ko Umara. Wanda ya nufi gidansa a Jidda zai wuce da kayan jikinsa, babu komai a kansa, kuma duk ranar da ya yi niyyar Umara daga baya zai ɗaura harami daga gidansa, tunda Jidda tana cikin iyakar miƙatai, tsakaninta da Makka kuma kimanin kilomita 80 ne.

Ban ga a ɗora wa jama'a duka wannan ba. Daga Madina zuwa Makka sama da kilomita 400 ne, za ku isa bayan Magariba a gajiye, ga cunkoson lokacin Umara, ga ɗawafi da sa'ayi a kan gwiwar Baba, sannan direban da ya yini a hanya ya sake tuƙa ku zuwa Jidda bayan tsakar dare alhali aiki yana jiran kowa da safe. Idan mutum biyun nan suna da ƙarfi kuma sun ƙudurta, hanya mai sauƙi ita ce su rabu da ku bayan Uhudu da izinin amir, su nemi izinin Umara a Nusuk, su yi wanka su sa tufafin harami a masauki, su ɗauki tasi zuwa Abyar Ali su yi niyya, sannan su hau jirgin Haramain zuwa Makka, wanda yake ɗaukar kimanin awa biyu da rabi. Su sayi tikitin tun yanzu, domin na ranar Asabar yana saurin ƙarewa, kuma a sanar da ma'aji cewa kasonsu na hayar mota yana nan yadda aka yanke, kuɗin jirgi da tasi kuma daga aljihunsu ne.